Tambaya ga masana kiɗa: ta situdiyo ko ta fili, wacce ce asalin waƙar?

Mai_Caji_Gumel:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar kiɗa a taimaka min, akwai abin da ya tsaya min a rai yau kusan wata biyu kenan na rasa wanda zan tambaya a nan ƙauyenmu.

Ni sana'ata cajin waya da turin waƙa, ɗan shagona yana bakin titin da ya tashi daga Gumel zuwa Maigatari, sola biyu batir ɗaya sai tsohuwar laftof. Bara an turo wani ɗan bautar ƙasa sakandaren garinmu, kullum wajena yake kawo caji har muka saba, da zai tafi ya juye min wata folda yace in ajiye wata rana zan saurara. Ban bi ta kanta ba sai bayan an gama girbi. Ashe waƙoƙin wasu Turawan Amurka ne, sunansu Grateful Dead, kuma ya raba su gida biyu, ɗaya waɗanda suka yi a situdiyo, ɗaya kuma waɗanda aka ɗauka suna wasa gaban jama'a.

Abin da ya ɗaure min kai akwai wata waƙa mai suna Dark Star da take cikin duka biyun. Ta situdiyon ko minti 3 bata cika ba, kafin ka gyara zama ta ƙare. Ta filin kuwa minti 23 ce. Ranar da na fara jinta ina fadama ina ban ruwan albasa da iyafis a kunne, da farko na ɗauka ma basu fara ba tsirkiya suke gyarawa, wannan ya taɓa jita kaɗan wancan ya amsa masa daga ƙasa-ƙasa, an ɗau lokaci mai tsawo ba wanda ya buɗe baki. Da mai waƙar ya shigo ɗan baiti kaɗan yayi ya sake yin shiru, sai kiɗan ya kama hanya ya tafi, wani wajen ya watse kamar garken da makiyayi ya bari kowa ya nufi nasa gefen, har na kai hannu zan canza, sai kawai naji sun haɗu waje ɗaya ba tare da wani yace uffan ba. Wlh tsigar jikina sai da ta tashi. Ina tsaye ruwa ya cika fangali ya tsallaka na gaba ban lura ba. Kuma ni ba wani Turanci nake ji sosai ba balle ace maganar ce ta kama ni.

To shine nake tambaya, a cikin biyun nan wacce ce waƙar? Gajeriyar ce asali doguwar kuma ƙari suka yi mata, ko kuwa doguwar ce ta gaskiya aka gutsuro waccan dan a sayar? Kuma meyasa mutum zai yi waƙa a situdiyo sannan ya hau dandamali ya ƙi yinta yadda ya yi ta? Na kunna wa yaran da ke zuwa turi, ɗaya yace wannan ai cin memori ne kawai, in saka masa mai minti 4. Ni kuma na kasa goge ta.

Tsohon_Hedimasta:

Wa alaikumus salam. Ɗana Allah ya yi wa sana'a albarka. Ni ban san waɗannan Turawan naka ba, jikata ce ma take karanta min abin da ake rubutawa a nan in idona ya gaji, amma tambayarka ba baƙuwa bace a wajenmu, mun sha yin wannan gardama a gindin darbejiya tun zamanin kaset.

Makaɗanmu na gargajiya ai duk haka suke. Waƙa tana da gindi, shine abin da 'yan amshi suke riƙewa suna dawowa kansa, shi baya canzawa. Sauran kuwa 'ya'yan waƙa ne, kuma yawancinsu a fage ake haifarsu. Na ga wasan marigayi Mamman Shata ina saurayi, kuma abin da ban manta ba har yau shine idonsa, baki yana waƙa ido yana kan jama'a. Wani mai hali zai shigo fili, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu, nan take waƙar ta karkata ta nufi mutumin, masu kalangu ba wanda ya gaya musu komai amma sun riga sun juya, su matse kalangun a hammata muryarsa ta tashi sama kamar yana kiran sunan shi ma. In mutumin ya yi kyauta mai tsoka waƙar ta zauna a kansa, in ya noƙe ta wuce shi ta kama wani. To ka gaya min wane faifai ne zai ɗauki wannan? Shi yasa Bakandamiyarsa ma ba guda ɗaya bace a hannun mutane, tara kaset uku ka saurara zaka ji kowacce da inda ta bi da inda ta tsaya. Ya rasu a 1999 amma har gobe in masoyansa biyu suka haɗu sai kaji ana cewa a'a, ba wannan ba, waccan da ya yi a wuri kaza ta fi.

Maganar gajarta kuma ka sani ba daga mawaƙi take ba. Faifan garmaho na da, kowane gefe abin da yake ɗauka minti 3 ne da ɗan ɗoriya, dole makaɗin da ya saba kwana yana abu ɗaya ya dunƙule shi ya shiga wannan ɗan wuri. Da kaset mai minti 60 da mai 90 suka zo ne aka ɗan samu sarari. Wato mudun ne ƙarami, hatsin yana nan da yawansa. Ko Haruna Uji namu na Haɗeja, wanda ya ji gurminsa a rediyo kawai da wanda ya zauna gabansa da daddare bayan gari ya yi tsit, ba abu ɗaya suka ji ba.

Ni a ganina ta situdiyo kilishi ce. Zaka sa ta a jaka ka kai Makka ka dawo tana nan yadda take. Ta fili kuwa tsire ne a bakin wuta, sai wanda yake wajen. Naman ɗaya ne, amma in ka tambaye ni wanne na fi so, ni dai a bakin wutar zaka same ni. Kar ka goge ta ɗana.

Injiniya_Wudil:

Baba Hedimasta ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ba musu zan yi da kai ba amma a bani dama in ɗan kare sana'ata, domin ina da ƙaramin situdiyo, ɗaki ɗaya ne da katifu a bango da fiyano da kwamfuta, shekarata takwas a ciki.

Na karɓi misalinka na kilishi, sai dai Baba kilishi ba tsiren da ya huce bane, sana'a ce mai zaman kanta, da yankanta da shanyarta da labunta. Haka situdiyo. Mawaƙi zai shigo min ya maimaita baiti ɗaya sau goma sha, in zauna in zaɓi wanda numfashinsa ya faɗa daidai, in ɗora amshi a kan amshi har murya uku ta koma kamar ta mutum tara, in rage ƙarar ganga inda take danne magana. Akwai abubuwan da kunne ba zai taɓa ji a fili ba, kamar ɗan karyewar murya a ƙarshen kalma, saboda a fili lasifika a fashe take, janareta na ruri a bayanka, iska na dukan makirfo, yara na ihu.

Sannan mu faɗi gaskiya, daren da ya yi daɗi shi ake tunawa. Sau nawa aka je wasa mawaƙi ya zo da mura, ko 'yan amshi sun yi rigima a mota kowa ya ɗaure fuska, ko a yi awa guda ana jan abu ɗaya saboda ana jiran masu liƙi? Wannan ba mai ba da labarinsa. Ita ma mai minti 23 ɗin nan da ta tsayar da ɗan uwanmu a fadama, na tabbata ba kullum take fitowa haka ba, wani ne ya zauna ya saurari dare da yawa ya ware wannan.

Mai Caji kai da kake kusa da Maigatari nasan kiɗan jitar Buzaye yana shigo maka ranar Alhamis ta hannun mutanen Nijar. To ka duba Mdou Moctar, wani mai jita Buzu ɗan Nijar, a wasan biki ya taso, amma kundinsa na farko a Sakkwato ya zo ya ɗauke shi a 2008, da na'urar gyaran murya irin wadda muke sawa a waƙoƙin finafinanmu. Waɗannan waƙoƙin ne suka dinga yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori har suka tsallaka sahara suka faɗa kunnen wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, daga nan duniya ta san shi. Yau in ka ga bidiyon wasansa jita ce zalla take kuka minti da minti ba kama da na Sakkwaton ko kaɗan, amma da ba dan na Sakkwaton ba wa zai kira shi ya hau waɗancan dandamalin?

Marigayi Fela Kuti ma nasa salon daban ne, sai ya yi ta kaɗa waƙa a gidan rawarsa na Legas tsawon lokaci tana nuna, ranar da ya shiga situdiyo ya ɗauke ta kuma ya gama da ita, baya sake yinta a fili. Kaga a wajensa situdiyo ne ma yake rufe waƙa ya sa mata hatimi.

Ɗalibi_Kazaure:

Slm. Yaya Mai Caji wlh naji daɗin ganin wannan tambayar, ban taɓa zaton zan ga mai jin mutanen nan a yankinmu ba, ni ma a makaranta na tsince su wajen wani malaminmu kuma na ɗan bi tarihinsu.

Sun fara ne a 1965 a jihar Kalifoniya, suka yi shekara 30 suna yawon wasa har babban mai jitarsu Jerry Garcia ya mutu a watan Agustan 1995, a tsakanin nan sun yi wasa sama da 2,300. Irinsu ake cewa jam band, wato makaɗan da suke ɗaukar waƙa a matsayin mafari kawai, su shiga ta ƙofarta su saki kiɗa kowa yana sauraron ɗan uwansa, inda aka fita nan aka fita. Basa maimaita jerin waƙoƙin jiya a yau, shi yasa masoyansu suke bin su gari-gari, mutum ya kalli wasa goma a jere kowanne da yadda ya fito.

Wadda ka ji mai minti 23 an ɗauke ta ne a San Faransisko a watan Fabrairun 1969, ta fito a faifansu mai suna Live/Dead, ita kaɗai ta cinye gefe guda na faifan. Gajeriyar kuma 1968 ta fito kuma bata yi wani kasuwa ba. Akwai dararen da ta haura minti 30. Dan haka a kan wannan waƙar kam ina bayan Baba Hedimasta, ta filin ce mutane suke nufi in sun ambace ta, gajeriyar kusan ba mai tunawa da ita.

Amma Injiniya ma yana da gaskiya ta wani gefen da bai ma faɗa ba. Wancan daren ba da ƙaramar rikoda aka ɗauke shi ba, na'ura mai layi 16 aka kai wajen, kowane kayan kiɗa da layinsa, aka dawo aka daidaita sauti. Wato abin da ya ratsa ka a fadama ya bi ta hannun irinsu Injiniya kafin ya iso kunnenka. Kuma a 1970 sun fitar da kundi biyu na situdiyo, Workingman's Dead da American Beauty, waƙoƙi gajeru masu haɗin murya mai taushi, in suna cikin foldar ka saurare su da natsuwa, ni dai akwai waɗanda a cikinsu ban taɓa jin na fili da ya kai na situdiyon daɗin murya ba, saboda a gaskiya a fili wani lokacin muryoyinsu basa haɗuwa.

Abin da ya fi burge ni shine su kansu sun san inda ƙarfinsu yake. Yawancin mawaƙa hana ɗaukar wasansu suke, su kuwa suka ƙyale, a 1984 ma suka ware wa masu rikoda waje na musamman a filin wasa, sharaɗin kawai kar a sayar, a yi musaya kyauta. Kusan irin aikinka ne na turi, sai dai su kaset suke aikawa juna ta gidan waya. Haka wasan da suka yi a jami'ar Cornell ranar 8 ga Mayu 1977 ya yi ta yawo hannu da hannu shekara da shekaru, har babban laburaren majalisar dokokin Amurka ya saka shi cikin sautukan tarihi da ake adanawa, kuma sai 2017 aka fitar da shi a kasuwa a hukumance. Kundinsu na 1987 kuma, In the Dark, wanda a cikinsa ne suka samu waƙarsu ɗaya tilo da ta shiga goman farko a Amurka, ba a ɗakin situdiyo suka kafa shi ba, wani zauren wasa suka samu ba kowa a ciki suka hau dandamali suka kaɗa tare kamar akwai jama'a, saboda sun gane in aka raba su ɗaki-ɗaki kiɗan baya tashi.

Baba, wani abin da zai maka daɗi, masu ganga biyu gare su, kuma ɗayan, Mickey Hart, ya yi aiki da makaɗan Najeriya, Babatunde Olatunji da Sikiru Adepoju mai gangar Yarbawa irin ta hammata 'yar uwar kalangu, a wani kundi na 1991 da ya ci kyautar Grammy. Bayansu kuma akwai wasu makaɗan Amurka irinsu masu suna Phish da suka taso a 1983, su ne a daren shiga shekarar 2000 suka kama kiɗa daga tsakar dare har rana ta fito, sama da awa 7, a 2017 kuma suka yi dare 13 a zaure ɗaya a birnin New York ba su maimaita waƙa ko ɗaya ba.

Yar_Babura:

Sallama gare ku. Ni ban san komai a kan Turawan nan ba amma maganar ta taɓo min wani ciwo, bari in faɗa.

Bikin ƙanwata da aka yi bayan ƙaramar sallah, mu mata muka haɗa kuɗi, har da na adashena, aka ɗauko wani mawaƙi daga birni saboda amarya tana son waƙoƙinsa, kullum su ne a wayarta. Ya zo da mota da manyan lasifiku da yaransa, aka saka kiɗa, murya tas kamar a waya, muna ta murna ana liƙi. Can sai mai ya ƙare a janareta. Wlh Baba kiɗa da murya lokaci ɗaya suka ɗauke, bakinsa na motsi ba abin da ke fita, ashe filashi aka saka yake bi. Aka ce to ya ɗan yi mana da baki kafin a sayo mai, ko sunan amarya ya kira, yace shi baya yi sai da kayan aiki. Ƙanwata ta sunkuyar da kai a cikin mayafi, ni nasan kuka take.

Gwaggonmu ce ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ƙorai, aka cika babbar roba da ruwa aka kifa ɗaya a kai, tsofaffi uku suka zauna suka kama kiɗan ƙwarya irin na amada da muka taso muna ji a bakin su marigayiya Barmani Choge. Gwaggo ta dinga jero sunan amarya da na kakanninta har wadda ta yi mata wankan jego tana jaririya, ta juyo kan dangin ango ɗaya bayan ɗaya, duk wadda aka ambata sai ta taso ta shigo fili. Da aka sayo man ma ba wadda ta ce a tayar da injin.

Injiniya ba sana'arka nake kushewa ba, Allah ya sani waƙoƙin situdiyo su ke taya ni aikin gida kullum. Amma dan Allah in yaran nan sun zo wajenka ka dinga gaya musu su koyi yi da bakinsu ma, saboda ranar biki mutane muka gayyata.

Injiniya_Wudil:

Hajiya wannan kam ba abin da zan ce sai Allah ya baku haƙuri, abin da ya yi bai kyauta ba, kuma yana zubar mana da mutunci mu ma. Ina gaya musu wlh, wanda bai iya tsayawa da makirfo shi kaɗai ba nakan ce ya je ya yi wata uku yana bin masu kiɗan biki tukunna. Wasu suna ji wasu su canza situdiyo.

Mai_Caji_Gumel:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya, Hajiya Allah ya ba amarya zaman lafiya.

Jiya bayan isha'i na ɗauki ƙaramar sifika na tafi zauren wani dattijo a unguwarmu wanda ya yi kiɗan kalangu shekaru da yawa kafin ya ajiye, nace Baba ga wani abu ka ji min. Na fara saka masa gajeriyar, ya ji yace to. Na saka doguwar, ya jingina da bango ya rufe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke shi, sai da aka zo daidai wajen nan da nace kiɗan yana watsewa naga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, ya buɗe ido yace kaji mai babbar tsirkiyar nan, shi ne yake riƙe da su, sauran duk yawo suke amma kunnensu yana wajensa, yanzu zai kira su. Bai rufe baki ba suka haɗu. Yace in dawo masa da ita ranar Juma'a akwai abokinsa mai kukuma da yake so ya ji.

Na duba foldar, American Beauty tana ciki, yau da daddare in na rufe shago zan saurara. Wancan wasan na 1977 ne babu. Ɗalibi dan Allah a ina zan same shi kuma zai kai MB nawa, in sayi datar dare in sauke, dan netwok ɗinmu sai wajen ƙarfe ɗaya yake zama.